Tafkin Ifni: wanda bai saba hawan dutse ba zai iya?

Malam, ka ce ba ka taɓa hawan dutse ba, kana tambaya ko za ka iya kai wa Tafkin Ifni na Maroko. Za ka iya, amma kada ka bi ta ƙauyen Imlil. Hanyar na ratsa mashigar dutse ta Tizi n'Ouanoums, mai tsayin sama da mita 3,600 daga matakin teku, gangarenta kuwa tsakuwa ce zalla mai zamewa ƙarƙashin takalmi. Ka shigo ta ƙauyen Amsouzart, ka kwana gidan baƙi, ka ɗauki ɗan jagora da alfadarin ɗaukar kaya, ku kama hanya bayan asuba. Tafkin yana kan tsayin kusan mita 2,300 daga matakin teku, dare da sanyi ko da bazara, sai ka riƙe rigar sanyi mai kauri. Lokacin hunturu kam, ƙanƙara na toshe mashigar.