Shingen katako a tsakar gida: amsoshin tambayoyinku

Tambaya: Assalamu alaikum. Maƙwabcina ya ɗora bene, tagoginsa biyu na sama suna kallon tsakar gidana, har iyalina sun daina shan iska a waje da yamma. Kafinta ya ce a ƙara katako ƙafa 4 a kan katanga, magini kuma ya ce bulo za a ƙara. Wanne zan bi? Daga wani magidanci a Rijiyar Zaki, Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka da alheri da ka damu da suturar iyalinka. Amma kafin ka sayi ko ƙusa guda, ka ɗauko tabarma ka zauna a daidai inda uwargida take zama, ka ɗaga kai. In kana hango tagar, to ita ma tana hango ka. Ka sa yara biyu su ɗaura zani a jikin gora biyu, su ɗaga shi a jikin katanga, sannan su riƙa matsowa wajenka har tagar ta ɓace maka. Abin da za ka tarar shi ne, wanda yake sama ta kan katanga yake leƙowa, don haka ƙarin ƙafa 4 a kan iyaka sau da yawa gindin katangar kawai yake rufewa, tsakiyar gida tana nan a buɗe. Kariya ta fi aiki idan tana kusa da mai zama, ko a saman kansa. Mai yiwuwa abin da gidanka yake bukata rumfa ce mai gefe ɗaya a rufe, ba doguwar katanga ba.

In gwajin ya nuna ƙarin zai wadatar, ni katako zan zaɓa, musamman idan katangar bulo mai inci 6 ce da ba a zuba mata ginshiƙai ba. Layi biyar na bulo nauyi ne da ba a yi harsashin dominsa ba. Sai dai katakon ma yana da nasa haɗarin, wato iskar farkon damina, wadda take yaye kwanon rufi a unguwanninmu duk shekara wajen Mayu da Yuni. Shingen da aka toshe ruf babu kafar iska, ita ce take fara kwantar da shi, wani lokaci har da layin bulon da aka kafe shi a kai. Ka ce wa kafinta ya jera falankan gaba da baya, ɗaya a wannan fuska, na gaba a waccan, bakinsu yana ɗan hawa kan juna. Iska za ta ratsa, ido ba zai ratsa ba.

Inda nake so kuɗinka ya tafi shi ne ginshiƙai. Mutane suna kashe kuɗi a fuskar da baƙo zai gani, su tsuke hannu a abin da ke cikin ƙasa, alhali daga ƙasa gara take tasowa. Ni ban yarda a binne katako a ƙasar Kano ba, in ba irin su ƙirya ko azarar giginya ba, su ma samun masu kyau sai an tona. Ka je kasuwar Ƙofar Ruwa ka sayi bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu, mai kauri, a shafe shi da jan fentin hana tsatsa, mai walda ya like masa 'yan kunnuwan da za a ɗaure katako da noti. A haƙa rami ƙafa 2 a ƙasa, a gindin katangar daga ciki, a zuba kankare, a yi ta ba shi ruwa kwana uku zuwa bakwai kafin a ɗora masa komai. Tsakanin ginshiƙi da ginshiƙi ƙafa 6, domin katakon kasuwa ƙafa 12 yake zuwa, a raba shi biyu babu asara.

Sannan ka yi wa maƙwabcin sallama kafin ma'aikata su zo. Wataƙila shi ma abin yana damunsa, ya sa gilashi mai duhu ko ya toshe rabin tagar, aikinka ya ragu. In maganar ta ƙi, akwai mai unguwa. Idan kuma ɓangaren da za ka ɗaga yana bakin titi ne, ka tuntuɓi hukumar tsara birane ta KNUPDA tukuna.

Tambaya: Wane katako zan saya, kuma gaskiya ne baƙin mai yana hana gara? Daga wani matashi mai shirin aure a Hotoro.

Amsa: Allah ya sanya alheri, ango. A 'Yan Katako na Na'ibawa ko na Rijiyar Lemo za a nuna maka fari mai sauƙin kuɗi irin su obeche da afara, da kuma ja mai nauyi irin su maɗaci da iroko. Farin yana da daɗin aiki a cikin ɗaki, amma a waje abincin gara ne. Filawud kuwa kada ma ka tsaya a kansa, damina ɗaya take ɓare shi. In aljihu bai kai ga ja gaba ɗaya ba, ka sa ja a sandunan kwance da suke ɗauke da nauyi, falankan fuska su zama masu matsakaicin kuɗi, tunda su ana iya cire ɗaya a sauya.

Abin da ya fi sunan itacen muhimmanci shi ne bushewarsa. Yawancin katakon nan daga dazukan kudu ake lodo shi, yana isowa da ruwa a jikinsa. Ka ɗaga shi: ɗanye yana da nauyin da ya wuce girmansa, da sanyi a tafin hannu, wani ma ƙusa na shiga ruwa na tsattsafowa. In aka buga shi a haka, hunturu na zuwa zai tsotse shi, ya kanannaɗe, tsakanin falanki da falanki ya buɗe har yatsa ya shige. Ka saya da wuri, ka jera shi a inuwa da 'yan sanduna a tsakani, ya sha iska makonni. Kowane ɗaya ka ɗora ƙarshensa a ido ka duba miƙewarsa, kada ka bari yaron shago ya zaɓar maka.

Baƙin mai yana ɗan korar gara na wani lokaci, amma ba na son sa a gidan da za a yi goyo. Yana wari in rana ta buɗe, yana ɓata tufafi, fenti ba ya kama shi, ruwan sama kuma yana wanke shi zuwa cikin ƙasa, ga rijiya a gidaje da yawa. Ka sayi maganin katako na gwangwani irin Solignum, a shafa sau biyu kafin a haɗa, a cika shi a bakin da zarto ya yanka, don ta nan ruwa yake shiga. A bar tazarar inci 3 tsakanin falanki da ƙasa, kuma kada a jingina itacen girki ko tarin yashi a jikinsa.

Tambaya: Gidan haya muke, mu uku a tsakar gida ɗaya. Ina so in kare wajen wanke-wankena, mai gida ya hana a fasa daɓe. Daga wata uwargida a Kurna.

Amsa: Hajiya, mai gida yana da gaskiyarsa, ke ma kina da taki, kuma ba sai an fasa komai ba. Kafinta ya yi miki firam biyu ko uku na katako tu-bai-tu, wato mai inci 2 ta kowane gefe, tsayin ƙafa 6, a haɗa su da hinji yadda za su tsaya a lanƙwashe, a ɗaure musu asabari ko zana. Ƙafafun a dasa su a tsofaffin bokitan fenti da aka cika da kankare. Ranar tashi ki naɗe abinki a sa a kura. Zana ba ta wuce damina ɗaya ko biyu, amma sauya ta ba ya da tsada. Roƙona ɗaya, ki nisanta shi da murhu da kurfoti, domin busasshiyar zana a watan Maris tartsatsi ɗaya take jira. In wajen girkin ne dole sai an kare, a buga wa firam ɗin da ke kusa da wuta kwanon rufi maimakon zana, kuma ki shaida wa abokan zamanki kafin a kawo shi, kada ya tare wa kowa hanyar famfo.