Tambaya da Amsa: Waya Ta Ce Yorkshire, Tsohuwar Takarda Ta Ce Lancashire

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Bradford, matata Baturiya ce, muna son haɗa wa yaranmu salsalar danginsu na wajen uwa. Mun bi kakanninta har kan wani masaƙi da ƙidayar 1851 ta ce an haife shi a Todmorden wajen 1810. Manhajar binciken salsala da ke wayata ta sa garin a West Yorkshire, amma na duba rajistar cocin Yorkshire ban gan shi ba, wani shafin kuma ya ce Lancashire. Wayar ce ke da matsala?

Amsa: Wa alaikumus salam. Wayarka lafiyarta lau. Manhajar tana ɗaukar sunan gari ne ta liƙa masa adireshinsa na yau, alhali wanda ya rubuta sunan kakan nan a littafi bai san West Yorkshire ba, domin sai a 1974 aka ƙirƙiro ta. Kamar mutumin da aka haifa a Dutse a 1980 ne: takardar haihuwarsa Jihar Kano za ta ce, tunda Jigawa ba ta zo ba sai 1991.

Ka faɗa kan gari mai wuyar sha'ani kuwa. A wancan zamanin iyakar Lancashire da Yorkshire ta ratsa tsakiyar Todmorden ne, tana bin ruwa, har babban zauren garin da aka buɗe a 1875 a kan iyakar aka gina shi. Dokar ƙananan hukumomi ta 1888 ce ta tattara garin gaba ɗaya ta ba Yorkshire. Har yau da sauran alama: lambar gidan wayar garin ta Oldham ce, lambar tarhonsa kuma ɗaya ce da ta Rochdale.

Abin da ya fi shafar bincikenka shi ne gundumar coci, wadda za ka gani a shafukan da sunan parish. Tun 1538 aka umarci kowace gundumar coci a Ingila ta riƙa rubuta baftisma da aure da jana'iza, gwamnati kuwa ba ta fara tata rajistar ba sai 1 ga Yuli 1837. Saboda haka wanda aka haifa a 1810 ba shi da takardar haihuwa ta gwamnati, sai dai littafin coci. A kudancin Ingila sau da yawa ƙauye ɗaya gunduma ɗaya ne, amma a arewa gundumomin maka-maka ne. Ɓangaren Todmorden na Lancashire yana ƙarƙashin gundumar Rochdale, ɓangaren Yorkshire kuma, wato Stansfield da Langfield, yana ƙarƙashin Halifax, wadda ta ƙunshi garuruwa fiye da ashirin. Da yake babbar cocin ta yi nisa, akwai ƙananan majami'u masu littattafansu: St Mary a cikin Todmorden, Cross Stone a kan tudu, da Heptonstall. Sunan kakan matarka zai iya kasancewa a kowanne daga cikinsu, kuma shafin intanet zai iya ajiye shi a ƙarƙashin Rochdale ko Halifax ba tare da sunan Todmorden ya fito ba ko kaɗan.

Ka fara da komawa kan ƙidayar 1851, amma hoton takardar kanta za ka buɗe, kada ka tsaya ga abin da aka kwafa da na'ura. Ka zuƙo ginshiƙin wurin haihuwa da ke wajen dama. A nan mai ƙidaya yake rubuta lardi tare da sunan gari da hannunsa, kuma masu kwafa sukan yar da lardin ko manhaja ta musanya shi. Ka duba ƙidayar 1861 da 1871 ma idan ya kai, don mutum yakan faɗi sunan babban gari a wannan karon, ya faɗi na ƙauyensu a wancan. Ta 1841 ba za ta taimaka sosai ba: tambayarta kawai ko an haife ka a lardin da kake zaune.

Daga nan ka shiga shafin binciken salsala na FamilySearch, kyauta ne, ka nemi taswirarsu ta iyakokin Ingila na 1851. Idan ka rubuta sunan wuri za ta zana maka iyakar gundumar cocinsa, ta nuna gundumomin da ke maƙwabtaka da ita, da yankin rajistar gwamnati da yake ciki. Jerin maƙwabtan nan shi ne mafi amfani a wurina, domin iyalai da yawa cocin da ta fi kusa da ƙofar gidansu suke zuwa ko da tana tsallaken iyaka. GENUKI, wani dandalin binciken salsala a intanet, shi ma yana da shafi ga kowace gunduma, da jerin cocinanta da wurin da aka adana littattafansu.

Kada ka manta da waɗanda ba sa bin Cocin Ingila. Kwarin Calder, inda Todmorden yake, a lokacin cike yake da 'yan Methodist da Baptist da Quaker, masaƙa da yawa a wurinsu suke rajistar jariransu, kuma littattafansu daban ne. Sai dai daga 1754 zuwa 1837 doka ta tilasta wa kowa yin aure a Cocin Ingila, in ban da Quaker da Yahudawa. Idan baftisma ta ɓace maka, ka nemi auren iyayensa a Rochdale da Halifax da Heptonstall.

Tambaya: Malam, takardar jana'iza ta ambaci sunan wata gona, amma Google Maps ba ta san ta ba. Yaya zan gano inda take?

Amsa: Ɗakin Karatu na Ƙasa na Scotland ya ɗora tsofaffin taswirorin Ordnance Survey, hukumar zana taswira ta Birtaniya, a intanet kyauta, har da na Ingila da Wales. Ka zaɓi taswirar inci shida ga mil ɗaya ta ƙarni na 19, wadda ke ɗauke da sunayen gonaki da masana'antun saƙa, ga kuma iyakoki an zana su da ɗige-ɗige. Akwai wani maɓalli da kake ja, tsohuwar taswirar ta dushe hoton tauraron ɗan'adam na yau ya bayyana a ƙarƙashinta, sai ka ga ko ginin yana nan. Yana buɗewa a waya, amma rubutun ƙanana ne ƙwarai, shawarata ka yi wannan aikin a kwamfuta. Ka gwada rubuta sunan ta hanyoyi biyu ko uku, don limaman da suna rubuta abin da kunnensu ya ji ne.

Tambaya: To wane adireshi zan sa a manhajar, tsohon ko na yanzu?

Amsa: Wanda yake aiki a shekarar da abin ya faru. Idan an yi wa mutum baftisma a St Mary a 1810, ka rubuta Todmorden, Rochdale, Lancashire, Ingila, sannan ka sa sunan yau a wurin ƙarin bayani. Manhajar za ta miƙo maka nata adireshin tana son ka taɓa, ka ƙi idan bai dace da shekarar ba. Na damu da wannan ƙwarai, domin waɗannan manhajoji suna kwafar bishiyar wani su ba wani a matsayin shawara, kuskure ɗaya sai ya bazu zuwa iyalai masu yawa. A yankin nan kuma sunaye irin su Greenwood da Sutcliffe da Barker sun yi yawa, har za ka iya samun yara biyu masu suna ɗaya a shekara ɗaya, ɗaya a Cross Stone ɗaya a St Mary. Sunan gona ko unguwa da sana'ar uba da aka rubuta a gefen layin su ne za su raba maka su, don haka ka kwafe su duka, tare da sunan cocin da lambar shafin.