Wuƙa Ɗaya Mai Kyau Ko Jeren Goma Sha Biyu? Amsoshin Tambayoyinku

Tambaya: Wata uwa daga Birnin Kebbi ta rubuto cewa, "Assalamu alaikum Anti. Ina haɗa wa ɗiyata kayan kicin, biki ya matso. Na ga jeren wuƙaƙe goma sha biyu a soke cikin katako, gwanin sha'awa, kuma kuɗinsu duka bai kai na wata wuƙa guda ɗaya da mai shagon ya nuna mini ba. Wanne zan ɗauka?"

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah Ya sanya alheri, Ya nuna mana lokacin lafiya. Ki ɗauki guda ɗayar nan, muddin matsakaiciya ce, wato wadda tsawon ƙarfenta yake tsakanin santimita 10 zuwa 18. Ta fi 'yar ƙaramar wuƙar fere tsawo, ba ta kai babbar wuƙar masu girkin otal ba, wadda yawanci takan kai santimita 20 ko fiye. A gidan Bahaushe ita ce ke aiki tun safe har dare. Da ita ake yanka albasa da tumatir da tattasai, da ita ake yayyanka kuɓewa da alayyafo, a fere dankali, a yanka nama marar ƙashi, a tsaga lemo ko mangwaro ga yara, a cire kitse da jijiya a jikin tsoka. Ba ta da nauyi, hannu ba ya gajiya da ita, kuma tsininta yana shiga lungun da babbar wuƙa ba ta shiga.

Jeren nan kuwa, na san abin da ke jan hankalinki: ranar jere dangin ango za su leƙa kicin, kuma kowace uwa tana son a fita kunya. Ban ga laifinki ba. Sai dai ki yi lissafi: idan wuƙa goma sha biyu da katakonsu sun fi guda ɗaya araha, wane irin ƙarfe aka sa musu? Araha ba ta ado. Irin waɗannan ƙarfensu siriri ne mai laushi, kaifin ba ya jimawa, wasu ma fenti aka shafa musu, yana ɓarewa ya bi abinci. Rabinsu an yi su ne don cimar da ba tamu ba, amarya ba za ta taɓa zaro su ba. Ramukan katakon kuma suna tara danshi da ƙura, ba a iya wanke cikinsu.

Idan kin koma shagon, ki riƙe wuƙar da hannunki kafin ki biya. Ki duba ko ƙarfen ya zarce cikin mariƙin har ƙarshe, an ɗaure shi da ƙusoshi biyu ko uku. Wadda aka soka ƙarfen kaɗan aka liƙe da roba, daga nan take karyewa. Ki girgiza mariƙin, kada ki ji motsi ko kaɗan. Ki danna ƙarfen a kaikaice: ya ɗan ba da kai ba laifi, amma wadda ke lanƙwasawa da ɗan yatsa ki ajiye musu abarsu. Ki zaɓi mai santsin baki, ba mai haƙora ba, saboda mai haƙora ba ta wasuwa a kan dutse.

Abin da ya rage a hannunki ki ƙara mata da ƙaramar wuƙar fere, da babba mai kauri ɗaya don kabewa da doya da kankana, da dutsen wasa wuƙa, da katakon yanka guda biyu. Katakon nan ina roƙonki kada ki manta da shi. Yawancinmu a tafin hannu muka koyi yanka kuɓewa da ganye, kaifin yana fuskantar babban yatsa. Iyayenmu sun gwanance da haka, amma yarinyar da ta gama makaranta jiya ba ta da wannan hannun, sabuwar wuƙa kuwa ba ta da sabo.

Tambaya: Wani magidanci daga Yauri ya ce, "Kifi ne cimarmu kusan kullum. Maiɗakina tana son irin farar wuƙar nan ta kanti, mahaifiyata kuma ta ce ba wuƙar da ta kai ta maƙera. Ina tsakiya."

Amsa: Malam, kowaccensu tana da gaskiyarta, kuma gidan da ake gyaran kifi kullum yana buƙatar duka biyun. Wuƙar maƙera baƙin ƙarfe ce, sau da yawa daga tsohon sifirin ɗin mota ake ƙera ta. Tana ɗaukar kaifi da wuri, shafa kaɗan a dutse ta dawo, shi ya sa mahauta da masu tsire ba sa rabuwa da ita. Aibinta tsatsa. A bar ta da jiƙa na ɗan lokaci sai ta yi ja, kuma ruwan tumatir da lemun tsami da albasa suna baƙanta ta, wani lokaci har ta bar ɗanɗanon ƙarfe a jikin abin da aka yanka. Farar ta kanti an gauraya ƙarfenta da sinadarin kuromiyam, aƙalla kashi 10.5 cikin 100, shi ne ke hana ta tsatsa. Ta fi jure ruwa da tsami, amma ta fi wuyar wasawa.

Ga yadda zan raba musu aiki. Matsakaiciyar farar wuƙa ita ce ta farke cikin karfasa, da cire hanji, da tsaga jikin kifi don yaji ya shige kafin a soya ko a gasa. In za a kankare ɓawon kifin, a juya ta a yi da gadonta, kada a ci kaifin a banza. Amma kan tarwaɗa ƙashi ne mai tauri, haka ƙashin bayan babban kifi, balle giwan ruwa irin wanda ake fitowa da shi daga kogin Matan Fada lokacin bikin kamun kifi na Argungu. Nan wurin barho ne ko adda na maƙera. Duk wanda ya sari ƙashi da matsakaiciyar wuƙa, bakinta zai ɓare, ko ta goce ta sami hannu. Haka daskararren kifi ko kaza daga firiza: a bari ya saki tukuna. Tarwaɗa kuma a fara kashe yauƙinta da gishiri ko toka ko ruwan zafi, don yauƙin nan ne ke sa mariƙi suɓucewa.

Ka ce da Inna ta ci gaba da riƙon tata, a riƙa wanke ta nan take, a goge ta bushe, a shafa mata ɗigon man gyaɗa. Maiɗakinka kuma ka saya mata farar. Abu ɗaya da ba sassauci a kansa: wuƙa da katakon da suka taɓa ɗanyen kifi ko nama ba sa taɓa latas ko tumatir ɗin da za a ci ɗanye sai an wanke su da sabulu. Ta nan ciwon ciki da gudawa ke shiga gida.

Tambaya: Wata mai abincin sayarwa daga Aliero ta ce, "Anti, garinmu garin albasa ne, amma kullum da hawaye nake yanka ta, tumatir kuma sai ya dagargaje a hannuna. In sake wuƙa ne?"

Amsa: Ƙanwata, kada ki sake kashe kuɗi, wuƙarki ce ta dakushe. Albasa tana da sinadarai dangin farar wuta, idan aka fasa jikinta sai su zama iskar da ke yajin ido. Wuƙa mai kaifi tana ratsawa ne, dakusassa kuwa murƙushewa take yi, iskar ta ƙaru. Dakusassar ce kuma ta fi yanke mutum, domin sai an danna da ƙarfi, in ta zame daga kan tumatir sai yatsa.

Ki jiƙa dutsen wasawa da ruwa, ki kwantar da wuƙar, ki ɗaga gadonta kamar kaurin ƙaramin yatsanki, abin da masana ke ƙiyastawa da digiri 15 zuwa 20. Ki ja daga gindi zuwa tsini, ki yi wa kowane gefe daidai da ɗan'uwansa, sannan ki wanke. In babu dutse a kusa, ki kife kofin tangaran ki yi amfani da zoben gindinsa marar sheƙi. Ki daina goga ta a dakalin siminti, yana cinye ƙarfen ya bar bakin da kaushi. Ki daina yanka a kan tiren ƙarfe, shi ne ke kashe miki kaifi kullum. Mai yankan albasa da yawa irinki ta shafa wuƙarta a dutse kowace safiya kafin ta fara, ta kuma zauna inda iska ke wucewa.