Ampili mai ƙwai: wat 5 ko wat 15?

Yarona, na ji tambayarka a kan abokin nan naka mai kaɗa jita a nan Garwa ta Kamaru, wanda yake son sayen ƙaramin ampili mai ƙwai, wato na'urar ƙara sauti mai aiki da ƙwan gilashi irin na tsohuwar rediyo, aka nuna masa mai wat 5 da mai wat 15 ya rasa na ɗauka. Kai kuma ka ce masa ya ɗauki mai 15 tunda ƙarfinsa ya ninka sau uku. Ka koma ka gyara masa wannan magana kafin ya fitar da kuɗinsa.

Kunne ba ya jin wat yadda mita take ƙirga shi. In wat ya ninka sau biyu, desibel 3 kawai ƙara take ƙaruwa a ma'aunin sauti, abin da sai ka kasa kunne za ka lura. Kafin mutum ya ce ƙara ta ninka, sai wat ya ninka wajen sau goma. Ainihin bambancin mai wat 5 da mai 15 yana wajen da sauti yake fara shaƙewa. Ƙwai in aka matsa masa, muryar jita takan yi kauri, ta ɗan yi gurnani mai daɗi, kuma wannan ne masu jita suke zuba kuɗi a kai. Mai wat 5 yana kaiwa nan da wuri. Mai 15 kuwa yana riƙe sauti garau har ƙara ta yi nisa.

Saboda haka tambayar farko ita ce, a ina zai riƙa kaɗawa, kuma wane irin kiɗa? In a ɗaki ne, ko wajen ɗaukar sauti da makirfo a bakin sifika, mai wat 5 ya ishe shi har maƙwabta su yi magana. Kamfanin Fender ya fara yin ƙaramin ampilinsa mai suna Champ tun 1948, kuma samfurin da aka fi sani ƙwai uku ne kacal a cikinsa, 12AX7 da 6V6 da 5Y3, sai sifika mai inci 8. Ina son wannan ampili saboda duk abin da ya lalace a ciki ido zai gan shi, hannu zai kai gare shi. Vox AC4 ma irin wannan ƙaramin ne, da EL84 guda ɗaya yake tura sifikarsa. Amma in wajen biki zai je, ga ganga ga kalangu, kuma irin kiɗan makosa ko sukus yake yi wanda yake son kowace tsirkiya ta fito tsaf, ƙaramin zai shaƙe tun ba a je ko'ina ba. Nan sai mai 15, irin Blues Junior, mai EL84 biyu da sifika inci 12. Girman sifikar ma yana taimakawa fiye da yadda mutane suke zato. A fili kuwa, ko shi ma sai an sa masa makirfo.

Yanzu ga abin da ya fi damuna. Kafin ya ji sauti, ya juya bayan ampilin ya karanta. Wutarmu volt 220 ce, wanda aka yi wa kasuwar Amurka kuwa 120 yake ci. Ka jona shi kai tsaye, in fis bai cece shi ba taransfoma ta tafi, ita ce kuma mai tsada da wuyar samu. Ko da na 220 ne, ya haɗa da sitabilaiza a lissafin kuɗinsa, musamman in da janareta za a yi aiki. Ga zafin Maris da Afrilu da yake wuce digiri 40, ƙwai kuma da nasa zafin, don haka a bar masa iska ta baya, kada a jingina shi da bango. Lokacin hunturu a rufe shi in ya huce, domin ƙura ce take sa maɓallan ƙara su riƙa ƙarce-ƙarce.

Ya tsaya a kan ƙwan da har yanzu ake ƙerawa a Sulobakiya da Rasha da Sin, wato 12AX7, EL84 da 6V6, ya kuma sayi na ajiya tun yanzu.

In kwance ne, wato wanda aka riga aka yi amfani da shi, ya kawo shago mu gwada. Mu kunna mu saurari gunji ba tare da jita ba, mu ɗan ƙwanƙwasa kowane ƙwai da tsinken katako mu ji ko zai yi ƙara a sifika, mu duba ko farantin cikin babban ƙwan yana yin ja, mu sansana taransfoma. Kada ka kuskura ka kunna shi babu sifika a jone, kuma om ɗin sifikar, wato lambar nauyinta a kan ampili, ya dace da wanda aka rubuta a jikin ampilin, 4 ko 8 ko 16. Cikinsa kuma akwai volt sama da 300, kondansa, wato ma'ajiyar wutar da ke cikinsa, tana iya riƙe wuta bayan an zare waya. Ba za ka sa hannu ba sai ka sauke wutar ta cikin rezisto mai rage gudunta, ka auna da mita, ina tsaye kusa da kai.