Kafin ka miƙa ledar magani

Jiya muna jan ƙofar kanti ka yi mini tambayar da na san ta daɗe tana cin ka. Ka ce, "Oga, likita ya riga ya rubuta, namu mu ɗauko mu miƙa. Me ya sa kake tsare mutum da tambayoyi har layi ya kai bakin titi, alhali kemis ɗin da ke gaba da mu ya sallami mutum goma?" Na ce ka bari sai da safe, don magariba ta kawo kai kuma amsar ba ta a tsaitsaye ba ce. To ɗana, ga ta.

Ka tuna direban nan da ke lodi a tashar Bauchi Road, wanda ya zo sau uku cikin wata ɗaya yana neman maganin tari? Biyun farko kai ka ba shi, kuma ban ga laifinka ba. Watan Disamba ne, sanyin Jos ya sauko, kowa tari yake yi. A zuwa na uku na fito daga baya na tambaye shi ko da majina. Babu. Zazzaɓi? Babu. Wani ƙaiƙayi ne kawai a maƙogwaro da ke hana shi barci. Na ce wane magani yake sha. Ya ce ba ya shan komai. Na ce na hawan jini fa? Ya yi dariya ya ce, "Au, wannan ai na kullum ne." Ka riƙe wannan da kyau: mutanenmu ba sa lissafa maganin kullum cikin magani, kamar yadda ba sa lissafa goro cikin abinci. Da ya zaro katin daga aljihun gaba, lisinofiril ne, wanda busasshen tari yana cikin sanannun illolinsa. Da mun ci gaba da miƙa masa kwalba, sai ya shanye kantin nan tarin bai tafi ba. Ban ce masa ya daina sha ba, wannan ba huruminmu ba ne, kuma direba mai hawan jini ba abin wasa ba ne. Layi biyu na rubuta ya kai wa likitansa, na kuma ce a duba masa tarin fuka tunda tarin ya wuce mako biyu, gwajin kyauta ne a asibitin gwamnati. Aka sauya masa magani. Ka gan shi ranar da ya kawo mana dankali.

Likitan da ya gan shi yana da mutum hamsin a benci suna jira. Mu ne na ƙarshe da za mu ga majinyaci kafin ƙwaya ta shiga bakinsa. Daga nan sai gida, inda babu kowa sai kishiya da maƙwabciya da ɗan uwan da ya taɓa shan irinsa.

Sai maganar "to". Ka daina yarda da "to" ɗin mutanenmu. Bahaushe zai ce maka "to" don ladabi, Birom ko Ngas da ya zo daga ƙauye kuke magana da Hausar kasuwa shi ma zai ce "to" don kar ya ɓata maka lokaci. Idan ka ce "kin gane?" amsar kullum "na gane" ce. Ni cewa nake yi, "Mama, in kin koma gida baban yaron ya tambaye ki yaya za a ba shi, me za ki ce masa?" A nan ake jin abin mamaki. Na taɓa ba wata uwa garin amoksisilin na yara, na yi bayani har na gaji, da na ce ta maimaita sai ta ce za ta riƙa ɗiban garin tana zuba masa a koko. Tun ranar, ni nake haɗa shi a gabanta: tafasasshen ruwan da ya huce, a zuba rabi a girgiza, a cika zuwa layin da ke jikin kwalba, ba zuwa wuya ba. Na nuna mata layin da farce. Na miƙa mata murfin awo ko sirinji, don cokalin gida wani na shayi ne wani na miya, babu biyu da suka zo ɗaya, mu kuwa mililita 5 muke nufi. Na gaya mata bayan mako ɗaya abin da ya rage a zubar, kar a ajiye wa ƙaninsa.

"Sau uku a rana" ma ba magana ba ce. Wani zai shanye ukun tsakanin karin kumallo da azahar. Ka ɗaure masa shi da abin da ba ya mantawa: bayan asuba, bayan azahar, sai lokacin kwanciya. Wanda ba ya bin lokutan salla ka tambaye shi yaushe yake tashi, yaushe yake dawowa daga gona ko shago, ka ɗaure a nan.

Ga wani tarko da kusan kullum yake zuwa mana a takarda ɗaya: maganin maleriya irin su Coartem da kuma sifurofulokzasin, wai maleriya da taifot. Na farkon sau shida ake shan sa cikin kwana uku, sha na biyu bayan awa takwas da sha na farko, kuma yana son maiƙo kafin jiki ya karɓe shi sosai. Shi kuwa sifuro, madara da nono da maganin olsa na ruwa suna kama shi a cikin hanji su hana shi shiga jini. In ka ce wa mutum "sha da madara" ka yi shiru, ka gyara ɗaya ka kashe ɗaya. Ka ce masa ƙosai ko abinci mai mai ya wadatar, fura da nono kuma a raba ta da sifuro da aƙalla awa biyu. Ka kuma faɗa masa tun yanzu cewa rana ta biyu zai ji garau, kuma ranar ce ake jefa sauran katin a kan durowa.

Akwai kunya. Amarya mai cikin fari ba za ta ce tana da ciki a gaban layi ba, ko za a yanka ta. Shi ya sa na ajiye kujerar nan a lungu bayan kanta, wadda kake ɗora kwalaye a kai. Ka sauke murya ka tambayi rabonta da al'ada. Maganin matsi kuma ka faɗa a fili cewa ba na haɗiya ba ne, an sha haɗiye shi.

Batun kemis ɗin gaba da mu, ba na gasa da shi, kuma ba duk masu kemis ne ɓata-gari ba, wasu ƙauyukan ba su da kowa sai su. Amma ka san abin da ke kawo saurin: "haɗa mini na ciwon jiki na ɗari biyar." A zuba diklofenak, ibufurofen, firokzikam da deksa a leda ɗaya. Ukun farko 'yan gida ɗaya ne, ba ƙarin sauƙi suke yi ba sai ƙarin cin ciki da ƙoda. Lebura ya sha a kan yunwa, wata uku ya fara baƙin bayan gida. Idan na ƙi, na san ɗari biyar ɗin ta tsallaka titi. Ta tafi. Haka na ƙi masu kodin tun kafin gwamnati ta hana sirof ɗinsa a 2018, kuma zagin da na sha a lokacin ya ishe ni guzuri.

Kar ka ɗauka ni ban taɓa yin sauri ba. Ina sabon shiga, ana saura kwana biyu azumi, na ba wani dattijo gilibenkilamaid na ciwon suga kamar yadda aka rubuta, ɗaya da safe. Ban tambaye shi komai ba. Shi kuwa safiyarsa a azumi sahur ce. Rana ta uku kafin la'asar aka kwaso shi daga shago yana gumi yana rawar jiki, sugansa ya faɗi. Allah ya yi da sauran kwana. Takardar daidai take, ƙwayar daidai take, ni ne ban buɗe baki ba. Shi ya sa ka ga tun daga Sha'aban nake tura masu suga su koma wurin likita a gyara musu lokaci, nake kuma gaya musu in jiri da gumi suka zo a karya azumi, addini bai ce a kashe kai ba.

Kai ba a haife ka ba a 1990. Ni ina ɗalibi a garin nan. Tsakanin Yuni da Satumba na shekarar yara 47 suka rasu a asibitin koyarwa na Jos, bayan an ba su sirof ɗin farasitamol da aka haɗa da dayetilin gilaikol, guba mai kashe ƙoda. Zazzaɓi ne ya sa aka ba su, sai amai, sai fitsari ya ɗauke. Bayan shekara uku aka kafa NAFDAC, amma a 2008 gubar nan ta dawo cikin maganin haƙoran yara My Pikin ta ci yara fiye da 80. Don haka in ka ga ina ƙin kayan ɗan jaka da ke yawo ba rasit komai arharsu, ina kuma rubuta lambar rukunin kowane sirof na yara a littafin nan mai baƙin bango, ka san daga inda abin ya samo asali. Uwar da ta dawo ta ce yaro bai yi fitsari ba tun jiya, ka karɓi kwalbar, ka tura su asibiti nan take, sannan ka cike takardar nan mai ruwan ɗorawa ta kai rahoton illar magani. Tana cikin durowar hagu, kuma na lura ba ka taɓa buɗe ta ba.

Ka kuma yi zancen gaba, cewa abokanka suna hangen kamfani ko ƙasar waje. Ba laifi. Ka gama shekararka ta horo, ka yi bautar ƙasa, ka riƙa sabunta lasisinka a hukumar PCN mai kula da masu harhaɗa magunguna kowace shekara, ka halarci kwasa-kwasan da ta wajabta, in ka samu hali ka shiga kwalejin ƙwararrun masana magunguna ta Afirka ta Yamma. Amma ka sayi ƙaramin littafi. Duk tambayar da aka yi maka a kanta ka ji kana kame-kame, ka ce "bari in duba", ka duba a gaban mai tambayar, da dare ka rubuta. Nawa sun kai goma sha, kuma rabin abin da ke cikinsu tsofaffin mata ne suka jawo.

Yau kai za ka tsaya a gaba, ni ina baya ina lissafin wata, kunnena na wajenka. Kafin ka buɗe ƙofa ka duba ma'aunin firij, jiya ba a kawo wuta ba sai asuba. In ya haura digiri 8 ka kira ni kafin ka ba kowa insulin, allurar masu ciwon suga.