Amsa ga mai tambayar yadda ake tsabtace dutse kafin a sa shi a tankin murjani

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce ka samu duwatsu daga hannun wani da ya kwance tankinsa, wasu har yanzu suna cikin ruwan gishiri, wasu kuma sun jima a bushe cikin kwali, kana tambaya ko tafasa su za ka yi ko jiƙawa a bilic.

Don Allah kada ka tafasa su. Akwai wasu ƙananan halittu dangin murjani da ake kira Palythoa, kamar ƴan furanni suke, suna mannewa jikin dutse har cikin ramukan da ido ba ya kaiwa. Wasunsu na ɗauke da guba mai suna palitoksin, tana cikin mafi ƙarfin guba da aka sani a jikin halitta, kuma da zarar dutsen ya ji ruwan zafi sai ta bi tururi ta shiga huhun duk wanda ke gidan. Hukumar CDC mai yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton mutanen da ake zargin sun shaƙe ta a Alaska tsakanin 2012 da 2014, a Ingila kuwa a 2018 mutum 10 aka kai asibiti a yankin Oxfordshire, har da ƴan kwana-kwana, bayan wani magidanci ya kankare dutsen tankinsa. Don haka duk aikin da zan faɗa maka a waje za ka yi shi inda iska ke kaɗawa, da safar hannu ta roba da tabarau.

Yanzu raba duwatsun nan gida biyu, domin maganinsu ba ɗaya ba ne.

Waɗanda ke cikin ruwa su ne dutse mai rai, kuma darajarsu duka tana cikin bakteriyar da ke zaune a ƙofofinsu, wadda ke mayar da amoniya, gubar da ke fitowa daga kashin kifi da ruɓaɓɓun abubuwa, ta koma naitirait, wanda shi ma guba ne, sannan naitiret mai sauƙin illa. Bilic ya taɓa su, ka kashe abin da ka je nema. Nasu aikin na hannu ne da ido. Ka ɗauki kowanne ka jujjuya shi a haske, ka sunsuna. Lafiyayyen dutse ƙamshin teku yake yi, wanda wani abu ya mutu a cikinsa kuwa warin ruɓaɓɓen ƙwai zai buge ka. Duk inda ka ga baƙin tabo mai yauƙi, ko soso, wato halittar teku mai tsirowa jikin dutse, da ya yi fari ya yi laushi, ka cire shi da buroshin roba a cikin bokitin ruwan gishiri. Soso ba ya jure iska, in ya sha ta yakan mutu ya ruɓe ya ɓata ruwa. Wannan shafi mai launin shunayya ko ruwan hoda da ya ƙame a jikin dutsen kuwa ka bar shi, gansakuka ce mai amfani, mutane har nemanta suke yi. Ka sa ido kan Aiptasia, wata ƴar halitta mai ruwan ƙasa-ƙasa da siraran hannuwa, kana kai yatsa sai ta shige rami. Ita ba a kankare ta, gutsurenta ma tsirowa yake yi. Ni in na ga dutse ya cika da ita, mayar da shi nake yi cikin busassun, in haƙura da ransa.

Busassun su ne suka fi yaudara. Ka gan su fari tas kamar ba komai, alhali cikinsu cike yake da gawar tsutsotsi da soso da gansakukar da suka bushe a nan. Suna shiga ruwa duk wannan zai jiƙa ya fara ruɓewa. A nan bilic ke da amfani: wanda ba a sa masa turare ko sabulu ba, kashi 1 cikin kashi 10 na ruwa, a bar su kamar mako guda. Sai a ɗauraye sosai, a jiƙa da maganin kashe kulorin, a shanya a rana har sai ka kai hanci bakin rami ba ka ji warin bilic ba. Sabulu kowane iri ne kada ya kusance su. Wasu na ƙarawa da wankan asid don ya cinye fatar dutsen ta sama. Yana aiki, amma ban cika ba sabon shiga wannan shawarar ba, domin asid in ya haɗu da ragowar bilic iskar kulorin yake fitarwa, ita ma kisa take yi.

In akwai wanda ba ka tabbatar daga teku ya fito ba, ɗiga masa ruwan khal. Dutsen murjani na asali zai yi kumfa yana tsuwa. Wanda ka ga jirwayen tsatsa ko ƙyallin ƙarfe a jikinsa ka ajiye shi gefe. Ka kuma tambayi mai su ko ya taɓa zuba maganin kifi mai tagulla a tankin, domin dutse na shanye tagulla ya riƙa sakinta a hankali, murjani da jatan lande da dodon koɗi kuwa ba sa rayuwa da ita.

Mataki na ƙarshe shi ne wanda mutane suka fi gajen haƙuri a kansa, kuma shi ne ainihin tsabtacewar. Kowane kashi ka ba shi nasa babban mazubin roba, ka haɗa ruwan gishiri da tataccen ruwan RO/DI, wato wanda na'ura ta tace ta cire masa ma'adanai, ba na famfo ba, nauyin gishirin wajen 1.025 a abin auna gishirin ruwa, zafi tsakanin digiri 24 da 26 a ma'aunin Celsius, ka sa injin motsa ruwa, ka rufe kada haske ya shiga. Duhun ne ke hana gansakuka samun gindin zama. Kwanakin farko za ka ga ruwan ya yi gurɓi-gurɓi ya koma rawaya, ƙasan mazubin ya tara toka-tokar datti. Kowane mako ka girgiza duwatsun a cikin tsohon ruwan, ka zuƙe dattin, ka canza ruwa. Busassun kuma sai ka ba su bakteriya ta kwalba, ko ka haɗa su da ɗan guntun dutse mai rai da ka yarda da tsabtarsa.

Yaushe za a ce sun gama? Kada ka bi kalanda, ka bi abin gwaji. Sai amoniya da naitirait sun sauka sifiri sun zauna a nan. Wani dutsen mako uku ya ishe shi, wani sai ya haura wata biyu. Ka gwada fosfet ma, ni shi na fi kula da shi a tsohon dutse, don ya sha shekaru yana tara shi, kuma shi ke ciyar da koren gashin nan da ke lulluɓe tanki bayan an kunna fitila. In ka canza ruwa ya sauka, bayan kwana biyu ya sake hawa, to dutsen bai gama amayar da shi ba. Ka ci gaba da canza ruwa, ko ka sa GFO, wani garin ƙarfe mai kama fosfet, ya tsotse, har ya tsaya ƙasa da 0.1 a abin gwaji.

In tankinka da kifi da murjani a ciki, kada ka zuba duwatsun lokaci guda, ka riƙa sa kaɗan-kaɗan kana gwada amoniya a tsakani. Ka fara turo mana hoton masu ran, musamman ramukan, mu duba maka ko akwai Palythoa kafin ka sa musu buroshi, daga baya kuma ka turo sakamakon gwajin makon farko. Allah ya ba da sa'a.