Me ya sa suke ƙin buga wasan Bowl?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ragwanci ne ke sa 'yan ƙwallon Amurka na jami'o'i ƙin buga wasannin Bowl na ƙarshen kaka. A'a, lissafi ne. A NFL, babbar gasar ƙwararru ta wannan ƙwallon, kuɗin kwantiragin sabon ɗan wasa ya dogara da lambar da aka ɗauke shi a zaɓen shekara, inda ƙungiyoyi ke ɗaukar 'yan wasan jami'o'i bi da bi. Dubi Jaylon Smith na jami'ar Notre Dame: ana sa ran zai fito cikin na farko-farko, sai gwiwarsa ta lalace a Fiesta Bowl ranar 1 ga Janairu 2016. Dallas Cowboys ta ɗauke shi, amma a lamba ta 34, miliyoyin daloli sun salwanta. Gani ga wane ya isa wane tsoron Allah. A Disambar shekarar Leonard Fournette da Christian McCaffrey suka janye daga nasu wasannin. An zage su, amma a 2017 ɗaya ya fito na 4, ɗaya na 8.

Ni ban ga laifinsu ba, tunda yawancin wasannin nan ba sa kai ƙungiya ga kofin ƙasa. 'Yan kallo nake tausaya wa, irin waɗanda suka sayi tikitin Orange Bowl a 2023 suka ga Georgia ta lallasa ragowar Florida State 63 da 3, bayan da yawa daga 'yan wasan Florida State sun janye.